Bindigar Talaka: Me Manomin Toranke ke Saye Idan Ya Nemi Mai Araha?

Da an gama ɗaure dammunan gero, dawa ta shiga rumbu, hunturu ya fara busawa, sai zancen bindiga ya dawo majalisun ƙasar Gaya. A Toranke, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Ajingi, haka ma a Balare da Gafasa da Kunkurawa, mutum iri biyu ne ke tayar da maganar. Akwai maharbi, wanda rani ne lokacin sana'arsa, yana neman abin da zai kayar masa da zomo ko zabon daji ba tare da ya cinye ribar fitar ba. Akwai kuma magidanci mai shanun huɗa biyu da babur da 'yan buhunan gyaɗa a ɗaki, wanda kullum rediyo ke kawo masa labarin abin da ake yi wa ƙauyukan Katsina da Zamfara, ya kwanta yana lissafin wa zai kira idan aka buga masa ƙofa da tsakar dare.

Tambayarsu ɗaya ce: wacce ce mai sauƙin kuɗi da za ta yi aiki? A Amurka wannan magana ce ta kanti; mutum ya duba farashi, ya cike takarda, ya ɗauki kayarsa. A gabashin Kano kuwa amsar sai ta bi ta maƙera, ta bi ta ofishin 'yan sanda, wani lokacin ta ƙare a kotu ko a gadon asibiti. Kuɗin da aka miƙa ranar ciniki shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da mai bindiga zai biya.

Ƙasar maƙera

Ba baƙuwa ba ce bindiga a nan. Tarihin baka na Kano ya ce Abagayawa, maƙeran da suka taso daga Gaya suna neman tama, su ne suka fara zama a gindin Dala. Littafin tarihin sarakunan Kano kuwa ya kawo cewa a zamanin Sarki Dauda, a ƙarni na 15, wani ɗan sarautar Borno da ake kira Dagaci ya iso Kano da bindigogi, kuma Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin Kano na farko da ya kafa dogarawa 'yan bindiga. Har yau 'yan bindigar fada na nan, su ne ke cika filin hawan Sallah da ƙara da hayaƙi.

Bindigar tokar da ke rataye a ɗakunan maharba jikar waɗanda Turawan fatauci suka riƙa saukewa a gaɓar teku ce, daga Denmak da Holan da kuma masana'antun Birmingham ta Ingila. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels wadda ta toshe sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, ta bar musu tsofaffin da ake ɗurawa ta baki. Shekara 13 bayan haka, a Fabrairun 1903, sojojin Ingila suka shiga Kano da igwa da bindiga mai ruwan harsashi. Maƙeranmu suka karɓi abin da aka bar musu, suka iya gyaransa, suka iya ƙera shi daga tushe. Rabon da aka yi a wancan lokaci, na zamani ga hukuma, ta toka ga talaka, shi ne ƙashin bayan dokar da muke aiki da ita har gobe.

Abin da ke kasuwa

Mafi araha ita ce ta toka, wadda ake wa laƙabi da harba-ka-ruga. Duk wanda ya ga maharbi yana ɗura ta ya san inda sunan ya fito. Zai tsayar da ita gindi a ƙasa, ya auna albarushi a tafin hannu ya zuba, ya tura tsumma, ya danna da sandar ƙarfe, ya bi da ƙwayoyin dalma, ya sake dannawa. Idan ya harba, hayaƙi fari ya turnuƙe gabansa, sai ya sunkuya ya leƙa ta ƙasa kafin ya san ko ya samu. Harbi ɗaya ne, na biyu sai an sake wannan hidima daga farko. Raɓa ko yayyafi na iya sa ta ƙi tashi. Amma kayan aikinta na gida ne, gyaranta na wurin maƙerin unguwa, kuma ga zomo da fakara da kurciya ta wadatar. Yawancin maharban karkara da ita suka gaji iyayensu.

Sama da ita akwai mai baki ɗaya da ake karyawa a tsakiya, a saka harsashi mai kwanso, a rufe. Wadda ta fi yawa ita ce mai lamba 12, faɗin bakinta kusan milimita 18 da rabi. Harsashinta cike yake da ƙananan ƙwayoyi masu bazuwa idan sun fita, shi ya sa take samun tsuntsu a sama, shi ya sa kuma ƙarfinta ke mutuwa idan an wuce mita 35 zuwa 40. Ƙwayoyi ƙanana na tsuntsaye ne, manya na dabba mai jiki. Kamfanin Baikal na Rasha ya yi suna a Afirka da irin wannan, saboda ba ta da kayan ciki da yawa da za su lalace. Mai baki biyu 'yar'uwarta ce, harbi biyu a jere, nauyi ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Idan da abin a buɗe yake, mai baki ɗaya ta kamfani ita ce amsar tambayar maharbin Toranke, babu ja.

Sai wadda samari suka fi sha'awa, fam-akshin, mai ɗaukar harsashi da yawa wadda ake ja da hannu ta sake ɗura kanta. Za mu dawo kanta, domin a nan mutane da yawa ke faɗawa rami ba su sani ba.

Tsakanin waɗannan akwai wata wadda ita ce ta fi ba ni tsoro: ƙirar gida mai cin harsashin kamfani. A ido ta yi kama da ta waje, an goge katakon, an shafa baƙin fenti, farashinta kuma bai kai rabin hanya ba. Matsalar tana cikin bututun. Albarushin zamani da ke cikin harsashi mai kwanso yana matsa wa ƙarfe lamba fiye da baƙin albarushin gargajiya nesa ba kusa ba. A Birmingham tun 1813 akwai gidan gwaji na musamman inda ake harba kowane bututu da lodin da ya zarce na yau da kullum, idan ya jure a buga masa hatimi kafin a sayar. Bututun da aka yanko daga kayan famfo ko tsohuwar mota ba wanda ya gwada shi sai mai saye, kuma da hannunsa na hagu a kai, fuskarsa a jingine. Zai iya harbi hamsin lafiya, na hamsin da ɗaya ya tsage. A ƙauyukanmu ba a rasa dattijo mai yatsu uku ko ido ɗaya da aka san labarinsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A wannan fage har jini takan sha.

Akwai kuma kuɗin ciyar da ita. Harsashi mai kwanso yawanci daga waje yake zuwa, da dala ake lissafinsa. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, cikin 2024 ta haura 1,500. Maharbin da ke sayar da zomo a kasuwar ƙauye sai ya auna kuɗin harsashi ɗaya da kuɗin zomon, ya tuna ba kowane harbi ne ke samu ba. Wannan lissafi kaɗai ya mayar da mutane da dama ga bindigar toka da tarko da kare.

Abin da doka ta ce

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda aka yi tun kafin samun 'yanci kuma har yanzu ita ke aiki, ta kasa makamai gida uku. Kaso na farko haramtattu ne sai da lasisin shugaban ƙasa: bindigogin soja irin su AK-47, masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu. Kaso na biyu na amfanin kai ne, kuma Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Nan mai baki ɗaya da mai baki biyu suke. Kaso na uku su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, wato ta toka, kuma al'amarinsu na hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha.

To ina fam-akshin? Dokar ta cire daga kaso na biyu duk bindigar farauta mai wata na'urar sake ɗuri, kuma duk abin da ba ya cikin na biyu ko na uku ya faɗa na farko. Ke nan wadda saurayi ke gani a hannun 'yan banga yana ɗauka ta farauta ce, a takarda tana sahu ɗaya da haramtattu. Shi ya sa hukumar kwastam ta kama 661 a Legas a Janairun 2017, ta sake kama 1,100 a tashar Tin Can a Satumbar shekarar, waɗanda aka yi lodinsu daga Turkiyya. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Wanda ya sayar da sa ya sayi irin wannan a bayan fage ya sayo wa kansa shari'a.

Dokar ta kuma fayyace waɗanda ba za a ba lasisi ba: wanda bai kai shekara 17 ba, mai taɓin hankali, mai raunin gani, mashayi, da wanda aka taɓa hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata. Lasisi na mutum ne da bindigarsa, ba a aronsa, ba a gadonsa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a wurinmu, domin yawancin bindigogin karkara na gado ne. Uba ya rasu, ɗa ya sauke ta daga bango ya ci gaba, yana ganin takardar mahaifinsa ta rufe shi. Ba ta rufe shi ba. Ko maƙeri ma dokar ta bar masa ƙofa: da izinin Sufeto Janar da amincewar gwamna yana iya ƙera ta toka da gyara ta. Maƙera nawa ne a Gaya da Ajingi aka taɓa zaunar da su aka karanta musu wannan da Hausa?

Sai dai an garƙame ƙofar kaso na biyu. A Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya bayyana cewa rundunar ta dakatar da ba da lasisin bindiga saboda yawan makamai a hannun jama'a. Dalilin ba na banza ba ne. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 fararen hula a Najeriya na riƙe da bindigogi sama da miliyan 6, adadin da ya ninka na sojoji da 'yan sanda a haɗe sau da yawa. Amma dakatarwar ta fi shafar wanda ya zo ofis da ƙafarsa yana neman takarda. Ɗan ta'addan daji bai taɓa cike fom ba.

A gefe guda shugabanni na ta aiko wa talaka da saƙo mai karo da juna. Janar T. Y. Danjuma ya ce a Jalingo a Maris na 2018 jama'a su kare kansu. Aminu Bello Masari, yana gwamnan Katsina, ya faɗi makamancin haka a 2021. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta umarci jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga, nan take Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Manomi ya ji wannan, ya ji wancan, ya rasa na kamawa. Wanda ke cin ribar ruɗanin shi ne dillalin bayan fage.

Uromi

Duk wanda zai yi maganar bindigar maharbi a Kano yau dole ya tsaya a ranar 27 ga Maris, 2025. A ƙarshen azumi ne, wasu mafarauta 'yan Kano suka taso daga jihar Ribas za su gida Sallah. A Uromi ta jihar Edo 'yan sintiri suka tare motar da ta ɗauko su, suka ga bindigogin toka, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane. Gungun jama'a suka kashe 16, aka ƙona su. Da yawansu 'yan Torankawa ne ta ƙaramar hukumar Bunkure, a kudancin Kano. Gwamnan Edo Monday Okpebholo ya zo Kano ta'aziyya, shi da Gwamna Abba Kabir Yusuf suka je garin, 'yan sanda suka kama mutane 14 a farkon bincike.

Babu uzuri ga abin da aka yi musu, ko kaɗan. Ko da ba su da takarda, hukuncin rashin lasisi na kotu ne. Amma abin ya nuna yadda ƙasa ta sauya a ƙarƙashin sana'ar. Dajin arewa ya ƙare. A ƙasar Gaya gona ta haɗe da gona, barewa da gada sun zama labarin kaka, abin da ya rage zomo ne da kurege da gafiya da damo da tsuntsayen fadama. Dajin Falgore kuwa gandun gwamnati ne, ba a farauta a ciki. Don haka maharbi mai neman abin kirki sai ya nufi kudu da rani, ya ratsa jihohin da tsoron garkuwa ya hana barci, inda ba a bambanta bindigar zomo da ta yaƙi idan aka gan ta a hannun baƙo mai jin Hausa. Bindigar da ta fi kowacce araha ita ce aka gani a motar nan.

Mutanen da ake wa wannan kallo kuma su ne dai waɗanda ƙasa ta nemi taimakonsu a 2014, lokacin da maharban Adamawa suka shiga gaba tare da sojoji aka ƙwato Maiha da Mubi daga Boko Haram. Idan ana buƙatarsu jarumai ne, idan suna kan hanya abin zargi ne, kuma har yanzu babu katin shaida ɗaya da ɗan sintirin Edo zai gani ya gane.

Maganar tsaron gida

Nan ne nake rabuwa da masu cewa kowa ya nemi tasa. Na fahimci tsoron, domin hare-haren da aka kai ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025 sun nuna cewa Kano ba a bayan ganuwa take ba. Amma a dubi gidan ƙauye yadda yake. Zaure a gaba, turaka, ɗakunan mata a jere, dangar kara ko zana tsakanin sassa, ƙofofin langa-langa, yara kwance a tsakar gida lokacin zafi, almajiri a soro, maƙwabci a bayan katanga mai kai wa kafaɗa. Ƙwayoyin harsashi ba su san zana ba, suna kuma huda langa-langa. A cikin duhu, ba wuta, mutum ya farka a firgice, inuwar da ya gani a bakin turken awaki za ta iya zama ɓarawo, za ta iya zama ɗansa da ya fito kama ruwa. Harbin ba ya dawowa.

Idan kuma maharan daji ne, a kan babura suke zuwa, da yawa, da bindigogi masu kaiwa ɗaruruwan mita suna zubar da harsashi talatin kafin a canza. Mai harbi ɗaya a ƙofar gidansa ya nuna musu inda yake ne kawai. Sau da yawa ma jin cewa gidan wane akwai bindiga shi ke jawo su, domin ita ma kaya ce.

Ko an yi nasara, akwai kotu. Kundin tsarin mulki da dokar Penal Code sun yarda da kare kai, amma da sharaɗin kada a zarce abin da ya wajaba. Sunday Jackson, manomi a Adamawa, ya ce kansa ya kare a gonarsa, da wuƙa ma ba bindiga ba. A Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da hukuncin kisa, sai daga baya gwamnan jihar ya yi masa afuwa bayan shekaru a kurkuku. Wanda ya harbe mutum da bindiga marar lasisi tuhuma biyu zai fuskanta.

Garuruwan da suka iya tsayawa, a haɗe suka tsaya. Sintiri na karɓa-karɓa da sanin dagaci da baturen 'yan sanda, usur da fitila mai haske, karnuka, lambobin waya da kowa ya haddace, sanin baƙon da ya kwana a gari. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a Janairun 2024. Suna da nasu laifukan, kuma tarihin 'yan sa-kai a Zamfara ya isa gargaɗi kan abin da ke faruwa idan aka ba mutum makami ba a ba shi linzami ba. Duk da haka, bindiga a hannun wanda aka tantance, aka horar, aka rubuta sunansa, ta fi goma a ƙarƙashin katifu.

Wanda ya riga ya mallaka bisa ƙa'ida kuwa, tsofaffin maharba suna da tarbiyyar da ba a rubuta ba amma ta yi daidai da ta kowace ƙasa. Ba a shiga gari da ita a ɗure. Ba a nuna bakinta ga mutum ko da wasa. Albarushi da harsashi a wani wuri daban, nesa da murhu, nesa da hannun yaro. Ba a harbin motsin ciyawa sai an ga dabbar da ido, musamman a farautar gayya inda ɗaruruwan mutane da karnuka ke kutsawa daji ɗaya, ana kiɗa, jini na tafasa. Idan bakinta ya taɓa ƙasa a leƙa kafin a harba, domin toshewar laka kaɗan ta isa ta fasa bututu. Naman da aka harba kuma a tsince dalmar, a yanke wurin, kafin ya shiga tukunya. Jihar da ba ta da nisa da Zamfara, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani.

Abin da ya rage aikin hukuma ne, kuma ba mai tsada ba ne. Dokar 1959 ta riga ta sa bindigar toka a hannun Kwamishinan 'yan sandan Kano, ba sai an jira Abuja ba. Masarautar Gaya, wadda ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni, maharba kuma suna da sarkin bakansu wanda ya san wa ke da bindiga, wa ya ƙera ta, wa ke da zafin kai. A zauna a Ajingi bayan girbi, kafin motocin farauta su fara tashi, a rubuta kowane maharbi da bindigarsa, a buga mata lamba, a ba shi kati mai hoto, a duba bututun, a karɓe masu tsaga. Wanda zai tafi kudu a ba shi takarda zuwa ga 'yan sandan jihar da zai sauka, bindigar kuma ta yi tafiya a kwance, a naɗe, babu ɗuri. Cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai ta ƙasa, wadda aka kafa a 2021 aka kuma ba ta doka a 2024, aikinta ke nan, kuma rajista irin wannan za ta ba ta abin da ba ta da shi a karkara: sunaye da lambobi.